Yadda Unguwa Za Ta Tsaya Wa 'Ya'yanta Su Yi Firamare Kyauta

Wata rana da misalin ƙarfe tara na safe, ka samu benci ka zauna a bakin layinku, ka yi rabin awa kana kallon masu wucewa. Ka ƙirga yaran da ba su wuce shekara goma sha biyu ba: mai farantin awara, mai tura kurar ruwa, mai kora tumaki, mai goyon ƙaninta tana jiran layin markaɗe. Ba baƙi ba ne. Ka san ubansu, wataƙila ma ka ci goron sunansu. Dokar ƙasa ta ce a wannan sa'ar kowannensu yana cikin aji, kuma ba a karɓi ko kwabo a hannun iyayensa ba.

Na yi shekaru ina riƙe da biron sakatare a kwamitin wata firamare ta gwamnati a unguwarmu, kuma abin da na fi koya shi ne kalmar "kyauta" ba ta aiwatar da kanta. Sai an samu mutanen da suka san kowane yaro da sunansa, suka bi sawunsa. Ga yadda ake bi.

A fara da sanin abin da doka ta ce

Kafin a tara jama'a, mutum biyu ko uku su zauna su fahimci dokar, don duk gardamar da za ta taso nan gaba a kanta za ta tsaya. An ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma dole ne: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ta lissafa abin da ba za a biya ba, har da littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da abincin rana. Wanda ya karɓi kuɗi a kan waɗannan, ana iya cin sa tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Uban da ya ƙi kai ɗansa kuwa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu.

Tarar nan yau ba ta kai kuɗin cefanen gida ɗaya ba, kuma ban ba ku shawarar ku riƙa kai maƙwabtanku gaban majistare ba. Amfanin sanin ta shi ne ku yi magana da ƙarfin gwiwa a gaban hedimasta da kuma gaban uba. Ku nemi dokar jiharku ma, don kowace jiha tana da hukumar SUBEB, mai kula da ilimin matakin farko a jihar, da dokar da ta kafa ta.

Sai kuma sanin tsani. Hukumar UBEC, mai kula da shirin a matakin tarayya, tana Abuja, SUBEB tana hedikwatar jiha, a ƙaramar hukuma akwai ofishin ilimi da sakataren ilimi ke shugabanta, shi ne ke saman hedimasta kai tsaye. Wanda bai san tsanin nan ba zai yi ta kai kukan rufin aji wurin mutumin da ko alli ba shi da ikon saye.

A ƙirga yara gida-gida

Wannan ne aikin da ya fi wahala, shi ne kuma aka fi tsallakewa. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a arewa. Adadin yana da nauyi a taron manya, amma ba wanda zai iya kama hannun miliyan ya kai shi aji. Abin da unguwa ke buƙata littafi ne mai bango mai ƙarfi, a ja masa layi: sunan yaro, sunan mai gida, shekaru, ko yana zuwa makaranta, wace makaranta, in ba ya zuwa me ya hana.

Lokacin da ya dace shi ne babban hutu, wajen watan Agusta, don a gama kafin a koma a Satumba. A fara zuwa wurin mai unguwa, shi ya sanar da dagaci, a roƙi limamai su faɗa bayan sallar Juma'a cewa za a zagayo, kuma ba maganar haraji ba ce, ba ta siyasa ba, ba ta rabon tallafi ba. Wannan na ƙarshen a nanata shi. Mu da ba mu nanata ba a karon farko, sai ga gidaje suna ba mu sunayen 'ya'yan 'yan'uwansu da ke wani gari, suna zaton akwai buhun shinkafa a gaba.

Masu zagaye su zama biyu-biyu, namiji da mace. Namijin ya tsaya a zaure da mai gida, macen ta yi sallama ta shiga ciki. Abin da za ta fito da shi daban ne. Mai gida zai lissafa 'ya'yan cikinsa, ya manta da 'yar riƙo, ya manta da agola, ya tsallake yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke, ya yi shiru a kan gurgun yaron da ba ya fitowa ko kurmar da aka ɗauka makaranta ba tata ba ce. Matan gida sun san su duka. Ungozomar unguwa da malamar Islamiyyar matan aure sun fi kowa dacewa da wannan aiki, don ba gidan da ke rufe musu ƙofa.

Shekaru kan ba da wahala inda babu takardar haihuwa. A yi lissafi da abin da aka sani: an haife shi kafin ambaliyar shekara kaza ko bayanta, sa'an wane ne. Kada rashin takarda ya hana rubuta suna. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke yin rajistar haihuwa, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi da asibitoci da dama, ana iya gayyato su daga baya a yi wa yaran gaba ɗaya.

Kada a tsaya a iyakar gidajen siminti. Rugar Fulanin da ke bayan gari tana cikin lissafi, haka tsangaya, haka 'yan gudun hijirar da suka kama kango suna zaune. Ga makiyaya akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1989, hedikwatarta na Kaduna.

A tayar da kwamitin makaranta daga barci

Kusan kowace firamaren gwamnati tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC. A Nijar ma akwai makamancinsa. A takarda kwamitin ya haɗa hedimasta, wakilin malamai, wakilin sarauta, malaman addini, mata, matasa, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, wakilan iyaye, har da ɗalibai su kansu. A zahiri sau da yawa za ka tarar suna ne kawai a jikin bangon ofis, ba a zauna ba tun ranar da aka rubuta shi.

Ku je wurin hedimasta cikin mutunci ku nemi jerin sunayen. Wanda ya rasu, wanda ya tashi daga unguwa, wanda bai ma san an sa shi ba, a cike gurbinsu a taron jama'a, ba a ofis ba. A kiyaye abu uku. Shugaba kada ya zama hedimasta, don ba a sa mutum ya duba aikin kansa. Mata su zama da yawa, kuma a sa taro a lokacin da za su iya fitowa, bayan la'asar a harabar makaranta, ba bayan isha'i a ƙofar gidan wani Alhaji ba. In kunya na hana su magana gaban maza, su yi nasu zaman daban, wakiliyarsu ta kawo matsaya. Na uku, a guji mai neman kansila. Ba don mugun mutum ne ba. Da zarar ya hau kujerar, rabin unguwa sun ɗauka kwamitin na jam'iyyarsa ne.

A zaɓi ma'aji mai tsoron Allah da sakatare mai rubutu, a tsayar da rana ɗaya a wata. Abin da aka yanke a rubuta, da sunan wanda zai yi da ranar da zai kawo bayani.

Maganar kuɗi, inda ake yawan ɓatawa

Tambayi iyaye goma me ya sa yaro yake gida, da yawansu za su ce maka kuɗi. Ka ce ai kyauta ne, su yi dariya. Kuɗin fom, kuɗin PTA, kuɗin jarabawa, kuɗin tsintsiya, kuɗin alli, kuɗin kati, kuɗin bajo, ga yunifom da takalmi. Kowanne ƙarami ne, amma ka ninka shi sau shida ga magidanci mai 'ya'ya shida, sau uku a shekara, ka ga inda ya kai.

A nan kuma dole a yi wa hedimasta adalci. Akwai masu ci, ban musa ba. Amma akwai da yawa da suke karɓar kuɗin alli don babu alli, an shekara ba a turo musu ko kwali ɗaya ba, takardar jarabawa kuma ba ta buga kanta. In kuka shiga da zargi, zai rufe littafinsa ya ce ba ya karɓar komai, a ci gaba da karɓa ta hannun monita. Ku zauna da shi ku ce: "Malam, faɗa mana abin da makarantar nan ke ci a zango ɗaya, ɗaya bayan ɗaya." A rubuta: alli, rajista, buga jarabawa, gyaran ƙofa, kuɗin mai gadi in ba gwamnati ke biyansa ba. Yawanci jimillar ba ta kai yadda ake zato ba.

Daga nan a raba lissafin gida biyu. Abin da yake haƙƙin gwamnati, wato malamai, gini, kujeru, littattafai, a shirya koke a kai sama. Ƙananan abubuwan da ba za su jira ba, unguwa ta ɗauka, amma bisa ƙa'ida ɗaya da ba a sassautawa: gudummawa daga manya take fitowa da son ransu, ba a ɗora ta a kan yaro, ba a kuma mayar da yaro gida saboda ita. A buɗe asusu, a bi 'yan kasuwa, ƙungiyar direbobi, tsofaffin ɗaliban da Allah ya buɗa wa, manoma su ba da mudu lokacin kaka. Duk abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a kwali, a manna a bangon makaranta inda kowa zai gani. Ranar da aka daina mannawa, ranar gulma ke farawa.

Yunifom kuwa a daidaita da hedimasta cewa rashinsa ba ya hana shiga aji. A tattara tsofaffin kayan waɗanda suka gama, a wanke, a ba tela ya rage. In akwai kuɗi a asusu, a sayi yadi a dunƙule, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Zuwa wurin iyaye

Yanzu littafin ƙidaya zai yi amfaninsa. A rarraba sunayen bisa dalili, don maganin kowanne daban.

Talla ita ce babba. Uwar da ke ɗora wa 'yarta faranti ba ƙin boko take ba. Da ribar take cefane, da ita take zubin adashi, da ita take tara kayan ɗakin yarinyar, kuma ita ba ta fita. In kika je kina mata wa'azin muhimmancin ilimi, za ta saurara cikin ladabi, ta rako ki har soro, gobe yarinyar ta ɗauki faranti. Abin da ke aiki shi ne ciniki: "Yaya, a bar ta ta je makaranta da safe, in an tashi ta ɗauki na rana." Ko a samo wa uwar masu saye a gida, ko a ba wata dattijuwa kayan mata uku ta zauna da su a bakin makaranta lokacin tara. Ba shi ne abin da muke so a ƙarshe ba, na sani, yarinya ta dawo makaranta ta ɗauki talla. Amma ya fi a ce ba ta je ba sam.

Masu cewa karatun addini ya ishe su, kada a tura musu ɗan boko mai Turanci. Limami ko malamin da suke girmamawa, wanda 'ya'yansa ke zuwa firamare, shi zai je. A daidaita lokaci da malaman allo da na Islamiyya, safe na boko, yamma nasu, don kada a sa uba zaɓi tsakanin biyun. Almajiran tsangaya kuwa ta hannun alaramma ake bi, da girmamawa, a nemi ya saki yaran wasu sa'o'i ko ya yarda malami ya riƙa zuwa. A sani cewa cikinsu ne matsalar farko: yaron da bai karya ba zai fita bara ko da an rubuta sunansa. In gidajen unguwa za su raba almajiran, kowane gida ya ɗauki kwanon yaro ɗaya kamar yadda iyayenmu suke yi, an yi rabin aikin. Tun 2023 akwai hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa makaranta, a sanar da ita ta hannun ofishin ilimi.

Akwai kuma uban da zai ce maka: "Na sa babban, ya yi shekara shida, ko sunansa bai iya rubutawa." Wannan kada ka yi masa gardama, gaskiya ya faɗa. Ka ce masa ya shigo kwamiti.

Ranar kai yara

Makon farko na zango, a sa rana. Mai unguwa a gaba, iyaye mata da yara a baya, sakatare da littafinsa, a tsaya har a ga an shigar da kowane suna cikin rajistar makaranta. Wanda ya girme wa aji ɗaya, a roƙi malamai su gwada shi su sa shi inda ya dace, don ɗan shekara goma sha ɗaya ba zai jure zama cikin 'yan shekara shida ba.

Bin sawu

Rubuta suna rana ɗaya ne, zuwa makaranta kuwa kullum ne. Sati shida bayan ranar kai yara za ka ga an fara zarewa, ranar kasuwa aji ya rage, lokacin girbi ya zama rabi. A raba unguwa layi-layi, kowane layi da mace ɗaya da ke lura da fitar yara da safe. Malamin aji ya ba da sunan duk wanda ya yi kwana uku bai zo ba, a je gidan kafin sati ya ƙare. Sau da yawa abin ƙarami ne: zazzaɓi, takalmi ya tsinke, wani babban yaro na dukansa a hanya, ko malami ya yi masa bulalar da ta wuce kima. In an bari ya kai wata, ya zama babba.

Malamai ma a bi sawunsu, amma da dabara. 'Yan kwamiti su riƙa leƙawa bi da bi, ba tare da sanarwa ba, su gaisa, su duba aji nawa ne ke da malami a tsaye. Ba a yi wa malami faɗa gaban ɗalibai. A gaya wa hedimasta, in ya maimaitu a rubuta. A kuma tuna da mai ƙwazo, ko da godiya ce a bainar jama'a ranar rufe makaranta, ko a sama wa baƙon malami ɗaki a unguwa don kuɗin mota ya daina cinye albashinsa.

Sau ɗaya a zango, a ɗauki yara kaɗan daga aji uku ko huɗu, a ba su gajeren labari da Hausa su karanta, a ba su lissafin tarawa da ɗebewa. Gwajin minti biyar ne, kowane mai karatu zai iya yi. Sakamakonsa kan ɗaga hankali, amma shi ne amsar da za ku ba uban nan da ya ce ɗansa bai iya rubuta suna ba.

Makewayi da ruwa kada a raina su. Yarinyar da ta fara girma ba za ta zauna a makarantar da babu makewayi mai ƙofa ba, kuma ba za ta faɗa muku dalili ba. Wannan aikin gayya ne na kwana biyu in an samu bulo da kwano.

Kai koke sama

Dokar 2004 ta ware wa UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta samun kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin nan a Abuja shekara da shekaru don ba su ajiye nasu ba. Wato lokacin da 'ya'yanku ke zaune a ƙasa, mai yiwuwa kuɗin bencinsu na nan kwance. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Takardar koke ta zama shafi ɗaya. Ba a cika ta da kirari. A rubuta adadi: ɗalibai kaza, malamai kaza, azuzuwa masu rufi kaza, yaran da muka ƙirga a gida kaza. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, sai ku ajiye naku lissafin kusa da wannan. A nemi abu ɗaya ko biyu takamaimai, a haɗa da hotuna, shugaban kwamiti da mai unguwa da dagaci su sa hannu. A kai wa sakataren ilimi hannu da hannu, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. A aika kwafi ga SUBEB, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, a sanar da hakimi. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma zuwa ɗaya ba ya isa: bayan sati biyu a koma, mutum uku, har da mace.

In aka yi shiru, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce. Ku tambaya ko makarantarku na cikin ayyukan bana. Akwai kuma shirye-shiryen rediyo na koke-koken jama'a, waɗanda manya ke saurare fiye da yadda suke nunawa. Amma rediyo ta zama ta ƙarshe, bayan an bi ƙofa, kuma a faɗi abin da ke cikin takarda kawai, ban da zagi.

In Allah ya sa aka kawo aiki, kwamiti ya tsaya a kan ɗan kwangila. A sa magini ɗan unguwa ya riƙa duba kwaɓin siminti da kaurin kwano, abin da bai yi ba a sanar da ofishin ilimi tun gini bai kai linta ba.

'Yan aji shida

Tun zango na biyu a fitar da sunayensu daban, musamman mata, don a nan ne ake yawan cewa "ai ta gama". Ba ta gama ba, saura shekara uku a cikin taran da doka ta ba ta. A gano ƙaramar sakandaren da ta fi kusa, a san yadda ake shiga, a haɗa yaran layi ɗaya su riƙa tafiya tare. In nisa ne matsalar, wannan ya zama koken shekara mai zuwa. A Satumba a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowa ya zauna a sabon ajinsa, sannan sakatare ya ja layi, ya buɗe sabon shafi ga waɗanda suka cika shekara shida a bana.